Makaɗan Jita da Zamani Ya Binne, Daga Kitwe Zuwa Kuseri

Tsakanin shekarar 1966 da ƙarshen shekarun 1970 an yi wani irin kiɗan rok a sassan duniya da dama wanda akasarin masu yinsa ba su ci moriyarsa ba, wasu ma har suka koma ga Mahaliccinsu 'ya'yansu ba su san sun taɓa riƙe jita ba. Samari huɗu ko biyar ne kan haɗu, wannan da jitar lantarki, wancan da babbar jita mai kaurin murya, ɗaya a kan ganguna, wani sa'in da mai ogan, su sha wahalar gwaji a ɗakin haya, su samu su buga faifai ɗaya ko biyu, daga nan sai yaƙi ko talauci ko sauyin yayi ya watsa su. Ba rashin daɗi ne ya sa aka manta da su ba. Kowace ƙungiya da ta ɓace, idan aka bi sawunta, za a tarar da dalilin ɓacewarta a fili, da sunansa da shekararsa, kuma mu mutanen arewacin Kamaru da Chadi muna da namu kason a cikin wannan asara, ko da yake ba kasafai muke lissafa kanmu a ciki ba.

Kiɗan rok ne, amma rassa biyu nasa nake nufi. Na farko shi ne saikadelik, wanda ya ɓullo a Amurka da Ingila wajen 1966, shekarar da wata ƙungiya ta jihar Texas mai suna The 13th Floor Elevators ta fitar da faifanta na farko, shekara guda kafin Pink Floyd su fitar da nasu a Landan. Alamarsa ita ce jirkita sauti da gangan. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da makaɗi ke takawa da ƙafa, wanda ke mai da muryar jita mai kaushi da tsawon numfashi. Akwai wani matakin da ake dannawa ana saki, sai jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa. Akwai kuma dabarar juya zaren ɗaukar murya a saurare shi daga ƙarshe zuwa farko. Reshe na biyu shi ne furogiresif, wanda mutane da yawa ke ƙirga farkonsa daga watan Oktoban 1969, lokacin da King Crimson suka fitar da faifansu na farko. Su waɗannan burinsu shi ne su fitar da rok daga ƙuncin waƙar minti uku, su shigo da sarewa da gogen Turawa, su riƙa sauya taki a tsakiyar waƙa, su gina ta gaɓa-gaɓa. Har wata na'ura suke da ita mai suna Mellotron, wadda a ƙarƙashin kowane maɓallinta akwai guntun zare da aka naɗi muryar goge ko sarewa a kai, kuma muryar ba ta wuce daƙiƙa 8, saboda haka dole mai kaɗawa ya ɗaga yatsa zaren ya koma kafin ya sake dannawa. Girman faifan kansa shi ya yanka musu iyaka: fuska ɗaya ta babban faifai tana ɗaukar minti 20 da 'yan kai, shi ya sa manyan waƙoƙinsu da yawa suke tsayawa daidai nan, ban da irin su Jethro Tull da a 1972 suka shimfiɗa waƙa guda a kan fuska biyun gaba ɗaya, ta haura minti 40.

Baturen da ya tashi da gajerun waƙoƙin rediyo yana ganin wannan tsawo abin mamaki ne. Bahaushe ba ya gani. Wanda ya saba zama ya saurari Bakandamiyar Mamman Shata daga farko har ƙarshe, ko ya ga yadda mai garaya ko mai goge ke riƙe gaɓa ɗaya yana maimaita ta yana ƙara mata gishiri har jikin masu sauraro ya ɗauka, ya riga ya mallaki kunnen da wannan kiɗa ke bukata. Jitar da aka bi da ita ta wancan akwatin ƙarfe kuwa, mai kaifi da kukan da ba ya yankewa, babu abin da take tuna mini kamar algaitar fadar Lamiɗo ranar hawan salla, inda mabushin ke kumbura kumatu yana jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya tsaya ba. A ganina wannan kusanci ne ya sa samarinmu na wancan zamani suka karɓi salon nan da sauri, suka kuma lanƙwasa shi ya dace da takin gida.

Akwai abin da bai kamata a rufe ba. A Amurka da Ingila reshen farko ya tashi ne tare da shaye-shayen ƙwayoyi masu juyar da hankali, kuma ya ci mutane. Syd Barrett, wanda shi ne ƙashin bayan Pink Floyd a farkonta, ya bar ƙungiyar a 1968 hankalinsa ba daidai ba, Roky Erickson na waccan ƙungiya ta Texas kuma ya shafe shekaru a asibitin masu taɓin hankali tun daga 1969. Ba na yaba wannan, kuma ba na jin cewa daɗin kiɗan daga nan ya fito. Daga gwaninta ya fito, da doguwar wahalar gwaji, da ƙarfin halin yin abin da kamfanin faifai bai nema ba.

A Turai abin da ya binne su shi ne sauyin yayi. Wajen 1976 da 1977 sai ga samarin salon punk na Ingila masu gajeren kiɗa mai zafi, ga kuma disko ya mamaye wuraren rawa, nan take aka ɗauki mai waƙar minti 20 a matsayin tsohon yayi. Manya irin su Pink Floyd da Genesis sun tsallake, amma ƙanana sun nutse. Comus ta Ingila ta fitar da faifanta na farko a 1971, bai samu kasuwa ba, ta ƙara wani a 1974 ta watse, kuma sai a 2008 ta sake haɗuwa bayan wasu makaɗan ƙasar Suwidin da suka girma da jin faifan sun yi ta ambaton sunanta. Aikin tono kuwa ya fara da wuri: tun 1972 Lenny Kaye ya tattara waƙoƙin ƙananan ƙungiyoyin Amurka na tsakiyar shekarun 1960 a wani kundi mai suna Nuggets, wanda ya zama abin koyi ga duk masu irin wannan aiki da suka biyo baya. Amma labarin Turai ba shi ne ya fi damuna ba, domin can akwai ɗakunan ajiya, akwai jaridun da suka rubuta komai, abin da aka manta yana nan yana jiran mai nema.

Labarin Zambiya ne ya fara girgiza ni. Ƙasar ta sami 'yanci a 1964 tana da arzikin tagulla, kuma garuruwan ma'adinai irin su Kitwe da Ndola cike suke da ma'aikata masu albashi a ƙarshen wata, masu neman inda za su huta ranar Asabar. 'Ya'yansu sun tashi suna jin Jimi Hendrix da Rolling Stones, sai suka ɗauki jita suka haɗa da takin gida, suna waƙa da Turanci da Bemba da Nyanja. A tsakiyar shekarun 1970 Shugaba Kenneth Kaunda ya ba da umarni cewa mafi yawan waƙoƙin da gidan rediyo zai riƙa sawa su kasance na 'yan ƙasa, abin da ya buɗe wa waɗannan samari ƙofa wadda ba su taɓa mafarkinta ba. A wannan ɗan tsakani aka sami WITCH, da Ngozi Family ta Paul Ngozi, da Musi-O-Tunya ta Rikki Ililonga, da Amanaz, waɗanda suka buga babban faifai guda ɗaya tak a 1975 suka sa masa suna Africa. Wannan faifai na Amanaz, a kunnena, yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a wannan salo a ko'ina cikin duniya. Ba shi da hayaniya mai yawa. Murya ce a sanyaye, kamar mai magana da kansa, sai jita ta taso daga ƙasa da kaushinta ta amsa mata, ta koma ta kwanta.

Daga nan sai musibu suka zo a jere. Farashin tagulla ya faɗi a tsakiyar shekarun 1970, albashi ya daina isa, faifai ya zama kayan marmari. Yaƙin 'yantar da Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, ya tsallako iyaka, aka sa dokar hana fitar dare, makaɗin da abincinsa ke cikin dare ya rasa wurin aiki. A shekarun 1980 kuma cutar ƙanjamau ta shiga cikinsu ta yi musu ɗauki ɗai-ɗai, har ya zamana daga cikin waɗanda suka yi zamanin farko na WITCH mawaƙinsu Emmanuel Chanda, wanda ake kira Jagari, shi ya rage. Mutumin da a da ake fasa ƙofa don a gan shi ya koma koyarwa, daga baya ya shiga daji haƙar duwatsu masu daraja. Sai a wajen 2012 wani kamfani na Los Angeles mai suna Now-Again ya sake buga faifan ƙungiyar gaba ɗaya, aka yi fim a kan rayuwarsa a 2019, ya koma dandali da furfurarsa tare da matasan makaɗa, har suka fitar da sabon faifai a 2023. Ina murna da wannan ƙwarai, amma ba na mantawa da cewa mutum ɗaya ne ya ga ranar, sauran an yi bikin ba su.

Makwabciyarmu Najeriya ta yi nata zamanin bayan yaƙin basasa da ya ƙare a watan Janairun 1970. A garuruwan gabas irin su Aba da Inugu da Fatakwal, samarin da suka tsira daga yaƙi suka rungumi jita da wani irin zafi da ake ji a cikin faifansu har yau, kuma wasu ƙungiyoyin, kamar The Funkees, a ƙarƙashin inuwar soja suka fara, domin a lokacin soja ne ke da kuɗin sayen kayan kiɗa. A Legas kuma akwai BLO, samari uku da suka yi yawon wasa da Ginger Baker, makaɗin gangan nan na Ingila da ya tare a birnin ya buɗe ɗakin ɗaukar murya, suka fitar da faifansu na farko a 1973. Akwai Ofege, waɗanda 'yan makarantar sakandare ne ta St. Gregory's lokacin da suka shiga situdiyo, akwai kuma Wrinkars Experience, wadda ta yi tashe a 1972 kuma akwai 'yan Kamaru a cikinta. Disko, da shigowar kaset wanda kowa ke iya kwafa a shagonsa, da karyewar kuɗin mai a farkon shekarun 1980, su suka haɗu suka rufe wannan babi. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattaro wasu a 2008 da 2010, Now-Again kuma ya ƙara da nasa kundin a 2016 tare da dogon bayani na Uchenna Ikonne, ɗan Najeriya da ya bi makaɗan gida-gida ya ji daga bakinsu.

A wasu ƙasashen hukuma ce ta sa hannu kai tsaye. A Turkiyya, inda Erkin Koray ya haɗa molon ƙasarsu da lantarki, juyin mulkin soja na Satumban 1980 ya tarar da mawaƙi Cem Karaca a Jamus, aka ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa, bai koma gida ba sai 1987. A Iran an rufe bakin mawaƙi Kourosh Yaghmaei shekaru da dama bayan 1979. A Kambodiya kuwa ba faifai kaɗai aka hallaka ba, mawaƙan kansu, irin su Sinn Sisamouth da Ros Serey Sothea, sun salwanta a mulkin Khmer Rouge tsakanin 1975 da 1979.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta fi ciwo. Mutane nawa ne a Marwa suka san cewa ƙungiyar Los Camaroes a garinsu ta tashi a ƙarshen shekarun 1960 kafin ta gangara Yawunde? A cikinta Messi Martin ya yi fice, mutumin da ya ratsa zaren auduga tsakanin tsirkiyoyin jitarsa don ya kashe amonta ta riƙa fitar da muryar balafon, kayan kiɗan katako da ake bugawa da sanduna, dabarar da kiɗan bikutsi na zamani na kudancin Kamaru ya ginu a kanta. Ba rok ba ne zalla, amma zuciyar aikin ɗaya ce: a ɗauki kayan kiɗan baƙi a tilasta masa ya yi magana da harshen gida. Faifan da suka naɗa a 1979 sai da ya jira har 2017 kafin kamfanin Analog Africa na birnin Frankfurt, wanda Samy Ben Redjeb ya kafa, ya sake fito da shi. A wannan shekarar dai kamfanin ya fitar da abin da ya fi kusa da mu, wato waƙoƙi 6 da Hamad Kalkaba ya yi a 1974 da 1975 a kan ƙananan faifai 3, tare da Golden Sounds, makaɗan rundunar tsaron shugaban ƙasa a zamanin Ahmadu Ahidjo. Kalkaba ɗan yankin Kuseri ne, Bamusgume, kuma takin gandjal na mutanensa ya ɗora wa jita mai kaushi da ƙahoni masu sara da ogan. Duniya ta san shi a matsayin kanar na soja, kuma mutumin da ya hau shugabancin hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta Afirka a 2003. Su Golden Sounds kuma an san su da Zangalewa ta 1986, wadda aka ɗauki amshinta aka yi waƙar gasar cin kofin duniya ta 2010. Amma cewa wannan babban mutum ya taɓa tsayawa gaban makarufo yana saurayi ya yi kiɗan da zai iya gogayya da na Legas da na Landan, da yawanmu a Garwa sai da labarin ya je Jamus ya dawo muka ji. Duk lokacin da na saurari waɗannan waƙoƙi shida, daɗi da takaici ne suke zuwar mini tare.

Yadda aka naɗi irin waɗannan faifai ma abin a tsaya a kai ne. Bayanin da ya zo tare da kundin Cameroon Garage Funk na 2021 ya nuna cewa a Yawunden wancan lokaci makaɗa da yawa wurin wani injiniyan sauti na wata majami'a suke zuwa, ya naɗe su da makarufo guda ɗaya, sannan a aika zaren Faris inda kamfanin Sonafric ke buga faifan. Makarufo ɗaya yana nufin babu gyara: mai ganga ya matsa baya, mawaƙi ya matso gaba, wanda ya yi kuskure kowa ya koma farko. Wannan ƙarancin kayan aiki shi ya ba faifan wani irin ɗumi da kusanci da kayan zamani ba sa iya kwaikwayo.

A Chadi, ƙungiyoyi irin su Chari Jazz da aka kafa a 1964 sun fi karkata ga rumbar Kwango, kuma Maître Gazonga sai da ya je Abijan kafin ya naɗi faifan da ya ɗaukaka shi a 1984. Abin da ya cinye tarihin kiɗan ƙasar a bayyane yake. An gwabza faɗa a cikin Njamena a watan Fabrairun 1979, aka sake wanda ya fi shi muni a 1980, jama'a suka tsallake kogi zuwa Kuseri da abin da hannu zai iya ɗauka, kuma wanda ke gudun ceton ransa a kwalekwale da yara a goye ba ya tuna akwatin faifai.

Sauran abin da ya tsira yana cikin gidajenmu. Akwai wani dattijo a wata unguwa a nan Garwa wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran rediyo da rakoda, kuma da na ji ana cewa yana da faifan garmaho sai na je na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai waɗannan kayan ƙuruciya ne, me za ka yi da su?" Na ce, "Baba, so nake in ji abin da kuka ji." Ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ya ce, "To wanke hannunka tukuna, kuma kada ka taɓa fuskarsa, ta gefe ake riƙewa." An jibge su ne kwance, wani kan wani, na ƙasa sun manne da juna, wasu sun lanƙwashe saboda zafin bazara, wanda a Garwa kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, balle a ɗaki mai rufin kwano. Gara ta cinye bangon da yawa. A kan waɗanda suka rage akwai hatimin wani shago na Yola, shaidar cewa ta hanyar fatake suka shigo, kuma kowane faifai an rubuta sunan mai shi da biro a kan takardar tsakiya, wasu da boko wasu da ajami, don kada a cakuɗa idan an kai aro gidan biki.

Shi ya koya mini wanki. Ruwa mai tsabta, ɗigon sabulun ruwa, tsumma mai laushi, a riƙa bin layin faifan a zagaye ba a ratsa shi ba, a kiyaye kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, sannan a jingine shi tsaye a inuwa ya bushe da kansa. Igiyar da ke juya na'urarsa ta daɗe da tsinkewa, ya yanko siririyar roba daga tsohon tubu na keke ya maye gurbinta, ya yi ta ragewa har juyin ya daidaita. Allura ce kaɗai ya ƙi yarda a yi mata dabara, domin ya ce allurar da ta dakushe ba karanta faifai take yi ba, noma shi take yi. Da muka ɗora wani ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti, wanda rabin takardarsa ta yage har ba a iya karanta sunan ƙungiyar, sai ƙarar ƙura ta fara, sannan babbar jita ta shigo, ganga ta biyo. Dattijon ya ɗaga yatsa yana jira, ya sauke shi daidai inda jitar gaba ta ɓarke da kuka. Shekaru masu yawa bai ji waƙar ba, amma bai kuskure wurin ba ko da ƙiftawar ido.

Zafi da gara da yaƙi ba su kaɗai suka yi mana ɓarna ba. Da kaset ya shigo, mutane sun ga faifai ya zama kaya mai nauyi marar amfani, aka bar wa yara suna wasa da shi. A wuraren da ake naɗar murya kuma zare yana da tsada, sai a goge tsohon aiki a ɗora sabo a kai. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafe mu musamman. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan kiɗa, ko suka yi rawarsa, sun girma sun zama alhazai da limamai da iyayen gida, suna kallon wancan zamani a matsayin wauta da suka tuba daga gare ta, kuma a al'adarmu ɗan gidan mutunci da ya ɗauki jita ba abin da ake tinƙaho da shi ba ne. Ina girmama tuban kowa, kuma ba ni da hurumin ce wa dattijo ya koma ga abin da ya bari don Allah. Amma ajiye tarihi daban, komawa ga aiki daban. Mutum yana iya cewa na yi kaza a shekara kaza tare da wane da wane, ba tare da ya zubar da rawaninsa ba, kuma jikokinsa suna da haƙƙin sanin cewa garinsu ba kullum yake karɓa daga waje ba, ya taɓa ƙirƙira.

Game da kamfanonin waje masu sake bugawa, ra'ayina ya rabu. Waɗanda ke neman makaɗin ko magadansa, su nemi izini, su biya, su rubuta tarihinsa da sunansa daidai, sun yi aikin da mu muka kasa, kuma sun cancanci godiya. Haka Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin Mamman Sani a ɗakin ajiya na gidan tarihin Yamai, kiɗan ogan da aka naɗa a 1978 wanda 'yan Nijar suka shekara suna ji a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye, ya nemo mai shi, aka sake fitar da shi a 2013, har dattijon ya je Turai ya yi wasa. Amma akwai kuma dillalan da ke zagayawa suna sayen adaka guda a kuɗin goro, su kai inda faifai ɗaya zai mayar musu da kuɗin tafiyarsu duka, akwai kuma masu ɗora waƙa a intanet ba sunan mai ita ba shekara. Ko sabon bugun ma da Yuro ake sayar da shi, Yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, ga kuɗin aikowa, saboda haka malamin makaranta a Marwa ko Mundu ba zai iya mallakar kiɗan garinsu a faifai ba, sai dai ya saurara a waya idan yana da kuɗin data. Wanda yake da irin wannan adaka a gida, kafin ya sayar, ya kamata ya jera faifan tsaye a wuri mai sanyi nesa da kwano, ya ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ya kuma nemi wanda zai kwafe masa sautin a kwamfuta.

Abin da ya fi faifan saurin salwanta shi ne sunaye. A ƙananan faifai na wancan zamani sunan mawaƙi da na kamfani kaɗai ake bugawa, mai jita da mai ganga da mai ogan ba a ambatonsu, alhali su ne suka yi aikin da masu tono ke yabawa a yau. Ƙungiyoyi da yawa ma ba su taɓa shiga situdiyo ba, a wuraren rawa da bukukuwan makarantu da ranakun hutun ƙasa suka yi zamaninsu, kuma babu inda suka rage sai a ƙwaƙwalwar mutanen da yanzu suka haura shekara 70. Tambayoyin da za a yi musu ba masu wuya ba ne: wa ya kafa ƙungiyar, wa ya sayi kayan kiɗan, a ina ake gwaji, da wane harshe ake waƙa, wace shekara aka watse kuma me ya watsa su. Dattijon nan mai gyaran rediyo ya lissafa mini masu jita uku da ya ce babu kamarsu a Garwa a zamaninsa. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma tuƙin babbar mota tsakanin Ngaundare da Kuseri har ƙarfinsa ya ƙare, na ukun kuma yana nan da ransa yana sayar da kayan gyaran babur, kuma dattijon ya yi mini alkawarin zai yi mini iso wurinsa bayan sallar Juma'a, da sharaɗin in bar shi ya fara yin magana da kansa kafin in fito da na'urar ɗaukar murya.